Rabi Mutum Rabi Inji: Wanne Ne Ke Mutuwa?

A teburin mai shayi a Terminus, Jos, muka kaure da musu kan jarumin fim, rabi mutum rabi inji. Ai iri biyu ne. Na farko ƙwaƙwalwarsa ta nama ce, jikin ne ƙarfe. Wannan kam yana mutuwa. Jini ya yanke mata na 'yan mintuna, ƙwayoyin jijiyarta kusan biliyan 86 su soma lalacewa, babu makanikin da zai tashe su.

Na biyu an kwashe tunaninsa zuwa na'ura, kamar yadda mai gyaran waya ke juye hotuna. A fasa shi, a kunna wani. Abokina ya rantse bai mutu ba. Ni dai na ce na asalin ya tafi, kwafi ne ke yawo da sunansa. Muna kan haka shayina ya huce.