Motar Aikin Wanke Gilashi a Gombe: 'Yar Kurkura, Hiace ko Keke?

Kafin ka je wajen dillalin mota, ka fara lissafa ruwan da za ka riƙa ɗauka a rana. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan, goma kuwa kilo 250. Tsani biyu na alminiyam, famfo da batirinsa, tiyo, sanduna da bokitai za su ƙara kilo 70 zuwa 100. Wannan jimillar ce za ta nuna maka irin motar da ta dace da kai.

Ƙananan motocin kaya irin su Suzuki Carry da Daihatsu Hijet, waɗanda ake kira 'yar kurkura, su suka fi dacewa da mai aikin shaguna, ofisoshi da gidaje a cikin gari. Ba sa shan mai, suna ratsa lungunan Jekadafari da Bolari, tsani kuma yana kwanciya a baya ba wahala. Amma a Japan, inda aka ƙera su, iyakar kayansu kilo 350 ne, ban da mutum biyu na gaba da aka yi wa lissafin kilo 55 kowanne. Ke nan tanki mai lita 250 da kayan aiki sun cika ta. Za ka ga masu ɗora mata tankin keji mai lita 1,000, kuma tana tafiya. Sai dai sifirin baya zai miƙe, gaba ya yi sama, sitiyari ya yi sako-sako, birki kuma ya ƙi kamawa a gangara, ga shi Gombe ba ta rasa hawa da gangara. Yawancinsu da sitiyarin dama suke zuwa, a nan ake mayar da shi hagu, don haka ka sa bakanike ya shiga ƙarƙashi ya duba waldar da aka yi da yadda aka ja bututun birki.

Toyota Hiace ta masu kwangila ce: bankuna, otal, manyan gine-gine masu fuskar gilashi, ko aiki a Kumo, Billiri da Bajoga. Ta ɗaukar kaya tana iya kai kusan tan ɗaya, saboda haka tanki mai lita 500 zuwa 600 da ma'aikata uku ba za su dame ta ba. Kaya a kulle suke, ƙurar hunturu ba ta cika maka goga da tsummoki, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Matsalar ita ce tsada da shan mai, sannan yawancin na kasuwa tsoffin motocin haya ne da suka gaji. Ko 'yar Kwatano ce, ka karanta farantin ƙarfen da ke jikin ƙofa ko kusa da injin. Lambar farko ta nauyi ita ce iyakar abin da motar za ta kai da komai a cikinta. Cire nauyin motar ba kaya, abin da ya rage shi ne naka, kuma har da kai da yaranka a ciki.

Keke Napep na mai farawa ne. Jarka huɗu, bokiti da sanda sun ishe shi, dogon tsani kuwa ba shi da wurin zama.

Yadda aka girka tanki ya kai zaɓen motar muhimmanci. Tankin da ke rabi ya fi cikakke haɗari, domin ruwan yana kaɗawa: ka taka birki ya tura ka gaba, ka sha kwana ya ja motar gefe. Nemi tanki kwantacce mai shinge a ciki, ka ajiye shi dab da bayan mazaunin direba, tsakanin tayoyin gaba da na baya. A ɗaure shi da ƙarfe da noti har jikin shasi. Igiya da roba ba sa riƙe rabin tan idan aka yi birkin gaggawa.

Tayoyi su zama na kaya, masu harafin C. Idan an rubuta 195R15C 106/104, lamba 106 na nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 950. Tayar ƙaramar mota a ƙarƙashin tanki, a kwaltar watan Afrilu, fashewa take yi.

Akwai kuma hanyar rage nauyin tun daga tushe. Ruwan burtsatse da yawa yana barin farin tabo idan ya bushe a gilashi, shi ya sa ake jigilar tataccen ruwa. Ka sayi ɗan ma'aunin TDS, wato na'urar da ke auna yawan gishiri da ma'adinan da suka narke a ruwa, ka gwada ruwan wurin da za ka yi aiki. Idan da robar share ruwa za ka share gilashin bayan sabulu, ruwan famfon mai gida ya wadatar, lita 100 a mota ta kai ka yamma. Idan kuwa da doguwar sanda mai buroshi da ke fitar da ruwa za ka wanke ka bar shi ya bushe da kansa, sai ma'aunin ya nuna ƙasa da 10. A nan ƙaramar matata da za ka jona a famfon wurin aiki za ta ɗauke maka jigilar lita 300, 'yar kurkura ma ta ishe ka.