Kwana biyu a bakin ruwan Daɗin Kowa: girkin Dada, da abin da ya rage a gyara

Sana'ata girki ce. Shekara 11 ke nan ina dafa abincin biki da na suna da na walima a cikin garin Gombe, daga Jekadafari har Tumfure, don haka in na ci abincin wani, harshena ba ya barina in ci kawai in tashi. Sai na tsaya na ji me aka saka, me aka rage, a ina mai girkin ta yi gaggawa. Shi ya sa ban cika yabon abincin otal ba. Yawancinsa ɗanɗanonsa ɗaya ne: dunƙule, kori, sai mai yana yawo a sama. Wannan karon kuwa na ci abin da ya zaunar da ni rubutu.

A hutun makaranta na watan Disamba maigida ya ce mu fita da yara su sha iska, mu tafi da Hajiya, mahaifiyarsa. Ta daɗe tana cewa ruwan famfon da take sha a Gombe daga Daɗin Kowa ake turo shi, amma ba ta taɓa ganin dam ɗin da idonta ba. Wani abokin aikinsa ya yi masa kwatancen wani ɗan masauki da ke kallon ruwa, ɗaki 6 kacal, na wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, shi da matarsa da 'ya'yansu ke riƙe da shi. Ba zan kama sunan wurin ba, domin akwai abin da zan kushe, mutanen kuma ba su yi mana komai ba sai alheri.

Hanyar Biu muka bi. Tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba, sai dai mun tsaya a Kwadon saboda ba na iya wuce albasa da tumatir mai araha ban tsaya ba. Da muka hango ruwan, hazo ya rufe ɗaya gaɓar, autata ta miƙe a mota tana ihu, "Umma, teku! Teku!" Da muka sauka ta maimaita wa mai gidan, wanda kowa ke kira Baffa. Ya yi murmushi, ya durƙusa daidai tsawonta ya ce, "A'a 'yar jikata, kogin Gongola ne aka tare. Daga tsaunukan Filato yake tasowa, ya ratso ƙasar Bauchi ya iso nan, in ya wuce mu sai Numan, can yake haɗuwa da Binuwai." Ya ce tun shekarun 1980 aka yi dam ɗin, yana saurayi. A nan take kuma ya kafa wa yara doka biyu: ba mai zuwa bakin ruwa ba tare da babba ba saboda akwai dorina, ba mai shiga wanka saboda tsargiya.

Matarsa, Dada, ita ta fito ta kama hannun Hajiya tun daga ƙofar mota. "Jabbama, Hajiya. Lale marhabin. Kun sha hanya." Ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaro, aka kawo ruwan randa, aka biyo da fura da kindirmo a ƙwarya da ludayin duma. Ba wanda ya yi zancen kuɗi ko rubuta suna sai da muka huta muka yi Azahar. A kowane ɗaki akwai buta cike da ruwa da sallaya a shimfiɗe tana kallon alƙibla. Abin da ya fara shiga raina shi ne tambayar da Dada ta yi kafin ta ɗora tukunya: "Hajiya, akwai abin da likita ya hana ku?" Hajiya tana da hawan jini da ciwon suga. Mun sauka a otal-otal masu hawa a Abuja da Kano, ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba.

Babu takardar jerin abinci a gidan. Na tambayi Dada me ake da shi, ta ce, "Abin da ruwa ya ba mu yau, 'yata." Ranar masunta sun kawo tarwaɗa da karfasa. Na roƙe ta ta bar ni in shiga madafi in zauna, na gaya mata sana'ata don kada ta ga kamar na zo satar fasaha a ɓoye. Ta turo mini kujera 'yar tsuguno.

A nan na ga farfesun tarwaɗa da ban taɓa yin irinsa ba. Da farko dai kifin ba na kiwo ba ne. Tarwaɗar kogi namanta ya fi tauri, kitsenta kaɗan ne, ba ta da wannan gafin da ake ji a kifin kududdufin siminti. Dada ta barbaɗe ta da toka, ta kwarara ruwan zafi, ta kankare yauƙin da bayan wuƙa har fatar ta yi tas. Bayan ta yanka, ta sa ɗan yatsa ta bi jikin ƙashin baya ta fitar da daskararren jinin nan, ta ce a nan ƙarni yake kwana. Ta ɗauraye da ruwan tsamiya. Ni da lemon tsami na saba, amma tsamiya ta fi shi sauƙin kai, ba ta dafa naman kafin ya shiga tukunya.

Sai ta haɗa romo shi kaɗai, babu kifi a ciki: albasa da yawa, jajjagen attaruhu, ɗanyar citta, tafarnuwa, masoro, kimba guda biyu da ta ɗan babbaka a wuta ta fasa, da daddawa kamar kan ɗan yatsa. Ta bar shi yana tafasa har kayan ƙamshin suka saki jiki, ƙaurin ɗanyen yaji ya fita. Sai a sannan ta jera kifin a ciki ɗaya bayan ɗaya, ta janye itace ta bar garwashi. Daga lokacin ludayi bai ƙara shiga tukunyar ba. In tana son ta motsa, sai ta kama kunnuwan tukunyar da tsumma ta jijjiga. Kafin ta saka gishiri ta kwashe rabon Hajiya a wani kwano, ta ƙara masa ganyen ɗoɗɗoya don kada ya yi lami. Kifin bai wuce minti 15 a kan wuta ba. Kowane yanka ya fito a tsaye, bai dagargaje ba, romon kuwa garai-garai, yajin yana zuwa daga baya ya ɗumama ƙirji ba tare da ya ƙona baki ba. Dunƙule rabi kawai ta saka a tukunyar mutum shida. Hajiya, wadda kullum ke turo abincinta tana cewa babu ɗanɗano, ta shanye romon har ta nemi ƙari.

Da dare babban ɗansu ya gasa karfasa a kan raga, ya tsattsaga jikinta ya cusa yajin ƙuli da man gyaɗa. Ta yi daɗi, ko da yake gefe ɗaya na tawa ya ɗan ƙone. Karfasa akwai ƙaya, sai 'yar autar gidan ta zo ta zauna kusa da yarana tana cire musu ɗaya-ɗaya tana ba su labarin yadda dorina ke fitowa da dare ta shiga gonar shinkafa. Ba wanda ya sa ta.

Masar safe ita ce ta biyu a wurina bayan farfesun. Mu mutanen Gombe da Bauchi ba a yi mana burga da masa, mun san ta. Dada ba ta saka yis. Ragowar ƙullun jiya take haɗawa da sabo ya kwana ya tashi da kansa, da safe ta ɗiga ruwan kanwa ta kashe tsamin. Tandar ƙasa ce, ta yi baƙi saboda daɗewa. Gefen masar ya soyu ƙayas, cikinta laushi kamar auduga, ga wani ɗan tsami-tsami da yis ba ya bayarwa. Miyar taushen da kabewar gaske aka yi ta, da alayyahu da gyaɗa da ƙashin rago, aka ɗiga man shanu. Hajiya alale aka yi mata da kunun tsamiya babu sukari.

To, yanzu ga inda ake da gyara.

Jira. Ranar farko mun ce a yi abinci wajen ƙarfe 12, ba mu ci ba sai bayan La'asar. Komai sai an fara shi daga tushe, murhu biyu ne, hannu ɗaya ne. Yara sun galabaita har sai da aka kawo musu dafaffen dankali da gyaɗa suka tare yunwa. Wanda zai je, ya kira tun daren jiya ya faɗi yawan mutanensa da lokacin isowarsa.

Na biyu ya fi damuna, domin ya shafi ginshiƙin wurin. Rana ta biyu Dada ta tafi gaisuwar rasuwa a Hinna, surukarta ta yi mana dafa-duka. Mai ya yi yawa, dunƙule ya danne komai, shinkafar ta caɓe a ƙasa, kuma aka manta da zancen gishirin Hajiya, dole ta ci fura ta haƙura. Yarinyar tana da ladabi, ta ba da haƙuri har ƙasa, ba ta da laifi tunda ba a koya mata ba. Amma a nan na gane cewa duk sunan da gidan nan zai yi a kan hannun mace ɗaya yake tsaye. Ranar da ba ta nan, abincin ya koma irin na ko'ina. Da ta dawo na faɗa mata ba ɓoye-ɓoye. Ta ce, "Gaskiyarki ne, 'yata. Ni ce nake ganin in na tsaya koyarwa baƙo zai daɗe bai ci ba." Daren nan ta wanke laifin da tuwon masara da miyar yakuwa da gyaɗa, da bandar kifin da ita ta kyafe da kanta. Tsamin yakuwar da hayaƙin bandar sun haɗu yadda har yanzu in na tuna yawuna ke tsinkewa.

Ɗakunan suna da tsabta, zannuwan gado wankakku, an turara turaren wuta. Katifarmu ta lotsa a tsakiya, gidan sauron yara ya yage a kusurwa, kuma sauron bakin ruwa ba ya hutun hunturu. Banɗakin na tsuguno ne, wanda ya wahalar da gwiwoyin Hajiya har sai da Baffa ya nemo mata kujera. Wuta ba ta zo ba a daren farko. Sola ce ke riƙe da ƙwan fitila da cajin waya. Abin ya yi mini ciwo, domin tashar lantarki mai megawat 40 tana jikin dam ɗin nan, amma wutar babban layin ƙasa take hawa, maƙwabtanta kuma suna kwana a duhu. Wannan ba laifin gidan ba ne. Abin da ke hannunsu sun yi: kafin kiran sallar Asuba, cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, ɗansu ya ƙwanƙwasa ƙofa a hankali ya ce, "Anti, ga ruwan zafi," bokiti biyu, ɗaya namu ɗaya na Hajiya.

Sai maganar kuɗi. Kuɗin ɗaki a bayyane yake, kuma da sauƙi ƙwarai in aka gwada da otal-otal na cikin Gombe. Na abinci ne matsala. Da maigida ya nemi lissafi, Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ku ba da abin da ya sauwaƙa. Ai kun zama 'yan gida." Maigida ya rasa yadda zai yi. In ya ba da kaɗan ya zalunce su, in ya yi ta matsa tambaya kamar ya raina karamcinsu. Sun fi minti goma kowa na jin nauyin kowa. Ni na san wannan ciwon, domin shekaruna na farko a sana'a alkunya ta kusa cinye mini jari: 'yar uwa ta zo, maƙwabciya ta zo, ka ji kunyar faɗin kuɗi, ƙarshen wata ka ga ka yi wa mutane aiki kyauta har da cikon aljihunka. Na ja Dada gefe muka zauna muka lissafa kifi da shinkafa da mai da itace da wahalarta, na ce ga abin da ya kamata. Ta ce ya yi yawa. Na ce bai kai abin da nake karɓa a kan rabin wannan aikin ba. Na roƙe ta ta sa ɗanta ya rubuta farashi a allo ya rataye a zaure, domin ba kowane baƙo ne zai yi musu adalci ba, kuma ina so in dawo baɗi in tarar da gidan a buɗe.

Da za mu tafi ta ƙulle wa Hajiya bandar tarwaɗa uku a takardar siminti, ni kuma ta ba ni curin daddawarta, ta ƙi karɓar ko sisi a kansu. Ta raka mu har mota tana yi wa yara addu'a ɗaya bayan ɗaya.

Mako biyu da dawowarmu na samu aikin walimar saukar Alƙur'ani a Pantami, na ce bari in gwada farfesun Dada. Na bi komai yadda na gani, toka, tsamiya, babbakakkiyar kimba, ban sa ludayi ba. Mutane sun yaba, amma ni na ji bambancin, domin kifin kiwo na saya, kitsensa ya taso ya dagula romon. Yanzu na yi magana da wani direban da ke tasowa daga Daɗin Kowa da sassafe, duk ranar da nake da aikin farfesu shi zai riƙa sauke mini tarwaɗa a tasha kafin ƙarfe 8.