Odar littattafan Saint-Exupéry daga Yawunde: an bar mu a tsakiyar hamada

Sati uku na yi ina jiran saƙon nan, kuma jiran bai dame ni ba. Duk mazaunin Garwa ya san yadda kayan Yawunde ke zuwa, jirgin ƙasa ya kwana da su zuwa Ngaundere, mota ta ƙaraso da su ranar da Allah ya nufa. Abin da na tarar a cikin ƙunshin shi ya sa nake wannan rubutu.

Malamarsu 'yata ta CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, ce ta ce kowane yaro ya nemi Le Petit Prince kafin hutu. Sai na ga mutumin nan mai tallan littattafai a WhatsApp, wanda rabin iyayen Yelwa ke da lambarsa, ya haɗa shi da wani ƙaramin littafi mai hotuna na tarihin marubucin, Antoine de Saint-Exupéry. Na tura masa kuɗi ta waya har da na mota. Kun dai san shi, ko dala ba ya ragewa.

Daren farko babu wuta. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ina haska mata da fitilar waya tana karanta tarihin, ni kuma ina juya wa ƙanenta da Hausa. Da a daren nan aka tambaye ni, cewa zan yi kowa ya je ya saya. Ashe marubucin nan shi kansa tatsuniya ne. A Liyon aka haife shi a 1900, 'yan ajinsu na tsokanarsa wai hancinsa ya ɗaga sama zai tsokano wata. Ya faɗi jarrabawar shiga makarantar sojan ruwa, ya ƙare a matuƙin jirgin sama mai kai wasiƙu. A 1927 aka tura shi riƙon wata tashar jirage a Cap Juby, kudancin Maroko, teku a gaba rairayi a baya, ya shekara ɗaya da rabi a can, har kaɗaici ya sa shi kiwon yanyawa. Ƙaramin ya tashi zaune ya ce, "Baba, dama ana kiwonta kamar kyanwa?"

Inda muka fi dariya shi ne halinsa na dare. Shi da dare yake rubutu, ga kofi ga sigari, har takardun da ya rubuta Le Petit Prince a kansu suna nan da tabon kofi da ƙunar taba. In ya gama shafi sai ya buga wa abokansa waya cikin talatainin dare, ya tashe su don kawai ya karanta musu. Na ce wa uwar yaran da maƙwabcina ne da tuni mun je gaban jauro. Ga shi gardi guda, amma a Niyok jirgin takarda yake naɗewa yana wurgawa ta taga.

Dare na biyu ne ya ɓata komai. Mun kai ƙarshen Disamba 1935, ya taso daga Faris zai je Saigon tare da makanikensa André Prévot, jirgin ya faɗi da su a hamadar Libiya. Shafi na 32 ya ƙare suna tsaye kusa da tarkace, ba su da komai sai ɗan lemo da ragowar kofi. Yarinya ta juya shafi da sauri, sai ga mu a shafi na 17. Ta ɗauka ita ce ta yi kuskure, ta sake juyawa. Na karɓa na ƙirga da kaina: daga 33 zuwa 48 babu su, 17 zuwa 32 aka sake liƙawa a gurbinsu. A shafi na 49 kuwa mutum ya riga ya isa Amurka, 1943, littafinsa ya fito, kamar ba shi muka bari yana mutuwar ƙishirwa ba.

"Baba, to ya aka yi suka fita? Wa ya ba su ruwa?"

Allah ya taimake ni na taɓa karanta labarin tun ina lise, wato sakandare. Na gaya mata a rana ta huɗu, lokacin yawu ya ƙafe musu har suna ganin abin da babu, wani Balaraben hamada ya ɓullo a kan raƙumi ya shayar da su. Ta dube ni ta ce, "Ƙirƙira kake yi don in yi barci." Wallahi wannan ta fi asarar kuɗin yi mani ciwo. Na biya kuɗina, an mayar da ni maƙaryaci a gaban 'yata.

Da gari ya waye na duba su da kyau a hasken rana, sai na ga abin da duhu ya ɓoye mani. Duka biyun fotokofi ne aka sa wa bango mai sheƙi, gam ɗin ma ya fara saki don zafin Garwa. Shi Le Petit Prince shafukansa sun cika, wannan ba zan yi masa sharri ba. Amma hotunan da marubucin ya zana da hannunsa da fenti mai launi, a nan baƙi da fari ne. Hoton nan na kuka uku da suka shaƙe 'yar duniyar ɗan yariman da ke cikin labarin ya zama kamar an murza gawayi a takarda. Yaran dai sun sha dariya da suka ji kuka ce abin tsoro a littafin, wai a tuge ta tun tana ƙarama. Uwarsu ta ce bawan Allah bai taɓa cin tuwo da miyar kuka da man shanu ba ne.

Na kira mai littattafan. Da farko da ladabi, "Alhaji ka yi haƙuri, haka suka zo mani." Da na ce ya canza, sai cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai yara ba su san bambanci ba." Yara ba su san bambanci ba! Yarinyar da ta kwana tana juyi saboda mutum biyu a hamada. Ya yi alkawarin zai ɗauko hoton shafukan ya turo. Yau kwana 19, yana buɗe saƙona ba ya amsawa, amma kullum sai ya ɗora sabon talla. Labarin marubucin ya cancanci a saya wa yaro, amma a nemi inda za a riƙe littafin a hannu a ƙirga shafi kafin a biya. Ni da mai littattafan nan kam an gama.

Mun dai ƙarasa sauran. Ranar 31 ga Yuli 1944 ya tashi daga tsibirin Kosika a jirgin leƙen asiri, bai dawo ba. Sai a 1998 wani masunci kusa da Marsai ya jawo munduwa mai sunansa a cikin koma. Yarinya ta rufe littafin, ta juya shi baya ta duba gam ɗin, ta ce ba ta yarda ba, nan ma cire shafin dawowarsa aka yi.