File History ko restic: wanne ba zai cinye maka faifai ba?

Malam, ka ce File History, manhajar ajiye kwafin fayiloli da ke cikin Windows, yana cinye maka faifan ajiya, kana tambaya ko ka koma restic, wata manhajar mai irin wannan aikin. Ɗauki restic. Amma kafin ka sauke shi, gano abin da ke ƙara maka giga 20 kullum alhali takardu biyu-uku kawai ka taɓa, domin File History ɗinka lafiyarsa ƙalau, ginin da aka yi masa ke nan.

Tun da ya zo da Windows 8 a 2012, fayil sukutum yake gani, ba ya leƙa cikinsa. Harafi ɗaya ya canza a fayil mai giga 10, sai ya sake kwafe shi kaf, ya ajiye kusa da na jiya. In ba ka taɓa saitinsa ba, kowace awa yake zagayowa, kuma ba ya share tsofaffin kwafi. Jona faifan ajiyar, ka ɗora WizTree ko WinDirStat, manhajojin da ke nuna abin da ya cinye wuri a faifai, a kan foldar FileHistory. Za ka ga wani ƙaton fayil ya jeru sahu-sahu, suna ɗaya, kowanne da kwanan watansa manne a jiki. Galibi fayil ɗin manhajar imel ta Outlook ne mai ƙarewa da .pst, wanda buɗe Outlook kaɗai kan canza shi, ko kundin Lightroom, manhajar gyaran hoto, da ke zaune cikin foldar hotuna, ko faifan VirtualBox, manhajar da ke tayar da wata kwamfuta a cikin taka. In ba su ba ne, tambayi kanka ko ka sake wa wata babbar folda suna, ko ka matsar da ita. A wurin File History duk abin da ke ciki sabo ne fil.

Shi kuwa restic daddatsa fayil yake yi gunduwa-gunduwa, kowace kamar mega 1, ya duba ko yana da ita a ajiye. Wadda yake da ita ba ya sake ɗauka, ko da sunan fayil ɗin ya canza, ko ya koma wata folda.

Ni hoton biki nake ɗauka, kuma a kan wannan na yarda da shi. Bayan babbar Sallah na zauna na rarraba hotunan shekaru, kowane biki da foldarsa, na kamu daban, na ɗaurin aure daban. Kusan komai ya bar inda yake. Da daddare na tayar da restic, fitilar faifan ta yi ta ƙyaftawa, don sai ya sake karanta fayilolin duka. Da ya gama, abin da ya ce ya ƙaru 'yan megabait ne, ko hoto goma ba su kai ba. Wallahi sai da na yi hamdala. Ga mai tura ajiyarsa ta intanet, wannan bambancin kuɗin data ne tsagwaronsa. Kuma ranar da ka ga kwafi ya kumbura, umarnin restic diff zai lissafo maka fayilolin da suka canza tsakanin jiya da yau.

Amma restic yana da nasa sharuɗɗan. Ba shi da maɓallan latsawa, rubuta umarni ake yi, sai dai ka haɗa shi da Backrest ya ba ka shafi a burauza. Yana kulle komai da kalmar sirri, in ta ɓace babu mai buɗe maka, don haka rubuta ta a takarda ka adana. A Windows ƙara masa --use-fs-snapshot don ya iya ɗaukar fayil ɗin da ke buɗe, sannan lokaci-lokaci ka yi forget da prune, umarnin share tsofaffin kwafi, in ba haka ba shi ma tarawa zai yi. Sabon bidiyo kuwa sabo ne, babu manhajar da za ta rage masa nauyin kirki.

File History ba laifi ga wanda takardun Word ne kawai a kwamfutarsa, tunda kyauta ne kuma yana nan a ciki. Iyakarsa ke nan.

Ba ka tambaya ba, amma na san za a ce maka ka sayi babban faifai a huta. Yi hattara da 'yan ƙananan nan masu ƙyalli da ake rubuta wa tera 2 ana sayarwa kuɗin filashi. Na taɓa sayen ɗaya, mai shagon har da rantsuwa. Kwamfuta ta nuna tera 2 cif, kwafi ya tafi lafiya lau, sai da na zo buɗe hotuna na tarar yawancinsu fanko. Ƙaramin katin memori ne a ciki, an yi masa dabara yana faɗin girman ƙarya. Duk faifan da za ka saya, ku yi sharaɗin mayarwa tun a gaban kanta, ka gwada shi da H2testw, wanda ke cika shi taf ya sake karantawa. In kuma na hannu ne aka sa a sabon kwali, CrystalDiskInfo zai nuna awannin da ya yi yana aiki.

Kada ka goge foldar FileHistory tukuna. Bari restic ya gama kwafinsa na farko, ka dawo da fayil biyu-uku daga ciki ka buɗe su da idonka, sannan ka share tsohuwar.