Ikoyi ko Chishuru: wanne mai son buɗe gidan abinci a Maraɗi za ta ɗauki darasi a kansa?

Hajiya, kin ce kina dafa abincin biki a unguwar Ali Ɗan Sofo, kina son buɗe ƙaramin wuri na manyan baƙi, kuma kin ji ana yabon waɗannan gidajen abinci biyu na Landan, Ikoyi da Chishuru, shi ne kike tambayar wanda ya kamata ki bi. A ganinmu Chishuru ne, amma akwai abu guda da sai a Ikoyi za ki koye shi.

Ikoyi ya buɗe a 2017. Abokai biyu suka kafa shi, Iré Hassan-Odukale ɗan Legas da Jeremy Chan wanda ke riƙe da madafa, sunan kuma na wata unguwar Legas ne. Ya samu tauraron Michelin (lambar yabo da wani kundin jagora na Faransa ke ba gidajen abinci mafi ƙwarewa) na farko a 2018, na biyu a 2022. Sai dai Chan da kansa ba ya kiran girkinsa abincin Najeriya. Nama da kifi da ganye na Ingila yake saye gwargwadon lokacinsu, ya ɗora musu kayan yajinmu. Abin da aka fi saninsa da shi agada ce soyayya da aka barbaɗe da garin wani jan ɗan itace mai tsami, da miyar attarugu a gefe, sai dafa-duka mai ƙamshin hayaƙi. Ba a zaɓen abinci: faranti ƙanana ake jero wa mutum ɗaya bayan ɗaya, kowanne loma biyu ko uku, kuɗin abincin dare na mutum guda kuwa fam 300 ne zuwa sama, wato ya haura jika 200 na sefa.

Chishuru na Adejoké Bakare ne, wadda ta tashi a Kaduna, kuma sunan ma Hausa ne, ci shiru, irin shirun da ke sauka idan abinci ya yi daɗi. Ta fara a ɗan ƙaramin shago a kasuwar Brixton a 2020 bayan ta ci wata gasar girki, ta koma unguwar Fitzrovia a 2023, ta samu tauraro ɗaya a Fabrairun 2024. Ita ce baƙar mace ta farko da ta same shi a Birtaniya. Ita ma tsararren abinci take bayarwa, amma faranti kaɗan ne, kuɗin bai kai rabin na Ikoyi ba, kuma za ki gane abin da ke gabanki: sinasir, alale, yaji, miyar gyaɗa.

Tsarin Ikoyi ba zai zauna a nan ba. Faranti goma ko fiye ga kowane baƙo yana son masu girki da yawa, kowa da ɓangarensa, da firij ɗin da ba ya mutuwa. Ranar da wuta ta ɗauke cikin zafin Afrilu, romo da miyar da aka haɗa tun safe sun tafi. Faranti huɗu sun ishe ki: ɗan abin buɗe baki, sinasir ko waina, babban faranti na nama, sai abin zaƙi. Ki fara da kujera 12 zuwa 16, a riƙa kama wuri tun jiya tare da kafin alƙalami, don cefane ya zo daidai da bakin da za su ci. Kuɗin cefanen faranti kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da za ki sayar da shi.

Abin koyo a Ikoyi awo ne. Masu binciken Michelin suna zuwa ba sanarwa, fiye da sau ɗaya, don su ga ko ɗanɗanon yau shi ne na watan jiya. Ba sa zuwa Nijar, amma Alhajin da ya kawo baƙinsa karo na biyu irin wannan hukunci yake yankewa. Ki sayi ƙaramin sikeli ki daina awon ido. Ɗauki sinasir: shinkafar tuwo giram 500 a jiƙa awa 6 zuwa 8, a dafa wata giram 100 daban ta yi laushi, a haɗa da albasa ɗaya a niƙa, a sa yis cokalin shayi ɗaya. Da bazara ƙullun yana tashi cikin awa 2 ko 3, da hunturu yana iya ninka haka. Idan aka bar shi ya wuce, tsami ya yi yawa, sai an nemi ruwan kanwa kaɗan. Idan ya yi kauri ba zai yi ƙofofi ba. Idan tanda ta yi zafi da yawa ƙasa ta ƙone sama na ɗanye, tunda gefe ɗaya ake soya shi a rufe. Ki rubuta awon da lokacin a manna a bango, yarinyar da ke taya ki ta fitar da irin naki ko ba kya nan.

Irin kayan da ake nema da tsada a Landan suna gabanki a babbar kasuwa: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na gida, albasar Galmi, tattasan Diffa, daddawa, zogale, ga naman jar akuyar Maraɗi. Ki tsayar da mahauci ɗaya, ki gaya masa ƙaramin bunsuru kike so da sassan da za ki ɗauka, don naman tsohuwar akuya yana cin kusan ninkin lokacin dahuwa, ya ɓata miki lissafin fitar faranti.