Soson toshe kunne na 3M 1100: yana aiki, in an iya sa shi

Ɗan soso ne mai ruwan lemo, bai kai gaɓar yatsa ba. A kwalinsa na Amurka an rubuta yana rage ƙara da desibel 29 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Wannan adadin a ɗakin gwaji aka samo shi, inda ƙwararre ke sa wa mutum da kansa. A wurin aiki ana cire 7 daga ciki a raba saura biyu, wato wajen 11 ke nan.

Me ya sa ake damuwa da lissafin? Ƙarar da ta kai desibel 85, awa takwas ne iyakarta a rana. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 kuwa, irin ta injin yankan ƙarfe, minti 15 kacal. Abin da ƙara ke kashewa shi ne 'yan ƙwayoyi masu gashi a can cikin kunne, kuma ba sa sake tsirowa. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, shi ya sa mutum zai ce yana jin magana amma ba ya gane ta cikin taro. Wani kuma kunnen ya yi ta kuwwa da dare.

Inda yawanci ake kuskure shi ne wajen sawa. A murza soson da tsabtataccen hannu har ya zama siriri, ba tare da ya naɗe ba. A zagayo da ɗaya hannun ta saman kai, a ja kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, a zura, sannan a danne da yatsa na daƙiƙa 30 ya kumbura. In ya zauna, mai kallonka ta gaba da ƙyar zai gan shi, muryarka kuma za ka ji ta yi kauri. In rabinsa na leƙe a waje, ado ne kawai.

Aibinsa? Mai aiki da baƙin mai zai sha wahala, don duk cirewa sai an sake murzawa, dauɗar hannu kuma ta bi shi cikin kunne. Ba a wanke shi, da ya yi datti ko ya daina kumbura sai a yar. Masu ƙaramin ramin kunne yakan matse su. Wanda ke yawan cirewa don magana, gara ya nemi marufin kunne mai kama da hedifon, ya dai lura ƙafar tabarau na buɗe masa kafa. Ƙara in ta wuce desibel 100 a haɗa soson da marufin, ana samun ƙarin kamar desibel 5.

Ga mai yini kusa da inji ba tare da yawan cirewa ba, wannan soson ya isa. Auduga kuwa kada ma a kawo ta, kusan ba ta tare komai.