PubMed ko Google Scholar: Ina Ɗalibin Likitanci Zai Fara Nema?

'Ya'yan Hausawa da ke karatun likitanci a Makka da Jidda kan rasa inda za su fara idan malami ya ba su aikin tattara abin da masana suka rubuta kan wata cuta.

Google Scholar, shafin intanet na neman rubuce-rubucen masana wanda aka buɗe a 2004, yana da sauƙin amfani, kuma yakan zaƙulo kundayen digiri, sai dai yana haɗa tsaba da ƙaiƙayi.

PubMed kuwa, rumbun neman maƙalun likitanci a intanet wanda Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka ke kula da shi tun 1996, yana bukatar haƙuri kafin a saba da shi. Ƙarfinsa yana cikin jerin kalmomin likitanci da ake kira MeSH, waɗanda ke tara maƙalun da suka shafi cuta guda ko da marubutan sun kira ta da sunaye daban-daban. Ɗalibin da ke nazarin cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a Jidda a 2012, zai iya rubuta kalmomin da ya nema da ranar neman, har malaminsa ya maimaita binciken ya tantance. A ganina, wannan kaɗai ya isa a fara da PubMed, a bar Google Scholar don cike giɓi.